Injin Markaɗena da Gungumen Maɗaci

Maɗacin da ke tsakar gidanmu ya riga ni zuwa gidan. Tsaye na same shi ranar da aka kawo ni, a inuwarsa na yaye 'ya'yana, ta gindinsa aka wuce da gawar maigidana. Sai a ruwan ƙarshe na wata damina, iska ta taso daga wajen Dutsen Zuma da la'asar, ta tumɓuke shi har saiwa. Reshe guda ya sauka kan ɗakina, ya karairaya katakon rufin. Ina madafa lokacin, shi ya sa yau nake ba da labari da bakina.

Washegari autata ta iso daga Sabon Wuse, can take aure. Ko mayafi ba ta cire ba.

"Inna, haɗa kayanki mu tafi."

"Mu tafi ina?"

"Gidana mana. Ga ɗaki nan da tayil, da fanka, ba kowa a ciki."

Na ce, "Ke auta, dubi tsabar idona. Ni ce zan tare a gidan suruki, yana shiga yana fita ina sunkuyar da kai? Ba a haifi mai kai ni ba."

Muka yi ta ja har babban ɗana ya shiga tsakani. Shi mai walda ne a Gauraka, yana haya can da iyalinsa a ɗaki biyu, sauran ɗakunan gidanmu kuwa duk 'yan haya ne a ciki. Aka tsayar da magana: a ɗaura tampol in yi rani a ƙarƙashinsa, amma in ruwan farko ya sauka ba a rufa ɗakin ba, zan bi auta ba musu. Na amsa, don a lokacin damina tana da nisa.

Katako ya yi tsadar da ba a magana, ga gungume kwance a gabanmu, mutum biyu ba sa iya rungume shi. Na ce bishiyar da ta karya ɗakin ita za ta rufa shi. To amma fitar da shi fa? Da can mota tana shigowa har ƙofar gida. Yanzu kowa ya tsaga filinsa ya gina wa ma'aikatan Abuja ɗakuna, lungun ya koma sai mutum ya karkata in yana ɗauke da bokiti.

Aka kira wani mai injin yankan itace daga wajen Izom. Ya zagaya gungumen, ya ƙwanƙwasa, ya girgiza kai.

"Mama, ni ba na yanka itacen cikin gida."

"Au, aljanu kake tsoro? Ƙato da kai?"

"Ba haka ba ne, Mama, shi itacen gida..."

"Na tsufa a gindin bishiyar nan, ko atishawa aljani bai taɓa yi mini ba. In ba za ka iya ba ka ce ba za ka iya ba."

Ya yi dariya, ya saɓa injinsa ya fita.

Bayan 'yan kwanaki ɗana ya zo ya tsuguna a gabana da waya a hannu. Ya nuna mini wani bature cikin daji yana tura wani abu a kan dogo kamar na jirgin ƙasa, katako na fita sumul.

"Inna, zan iya haɗa wannan."

"Da me?"

Sai ya dubi rumfar ƙofar gida. A nan injin markaɗena yake. Injin nan da guminsa nake cin tuwo, duk matan layin nan a wurina suke markaɗen wake da gero da kayan miya, kuma ban taɓa barin wani ya ja igiyarsa ba sai ni.

Na ce, "Kai, ka kiyaye ni."

"Kan injin kawai zan cire, Inna. Aro ne."

Na tashi na shiga ɗaki, na ɗaga kai na ga tampol yana numfashi da iska. Na fito na ce ya ɗauka.

Daga ranar gidan ya koma gareji. Ɗana ya kwaso dogayen ƙarafa ya shimfiɗa biyu a gefen gungumen, ya yi ta auna su da siririn tiyo mai ruwa a ciki irin na magina, yana cusa dutse nan, yana tone ƙasa can. Ya kawo tayoyin babur guda biyu ya kafa su a kan wani firam mai ƙananan ƙafafu. Zarton kuwa ba irin wanda na sani ba ne, wata doguwar ɗamara ce ta ƙarfe mai haƙora, bakinta a haɗe, ana zagaya ta a kan tayoyin. Guda biyu ya samo, da kyar, wurin masu katako. In wuta ta zo ya yi walda, in ta ɗauke ya zauna yana zagin masu wuta. Sai ya koma Gauraka neman abin cefane, ya bar ni da ƙarafa ina tsallakawa in zan je alwala.

Ni kuma zama ya gagare ni. In ɗauki tsintsiya in ajiye. In fita ƙofar gida in dubi kudu in dawo. Zafin bazara ya shigo, mangwaro ya fara nuna, dare da rana jikin mutum na tsiyaya, kuma duk wanda ya girma a Suleja ya san abin da ke bayan wannan zafin. Auta kullum sai ta bugo waya.

"Inna, jirgin ƙasan Yaya ya tashi kuwa?"

"Yana nan zuwa har ƙofarki ya take ki."

Ranar da ɗana ya fara tada injin a kan firam ɗin, ban ankara ba sai ga mata sun cika zaure da bokitai. Sun ji muryar da suka sani. Matar malamin makarantar da ke haya a ɗakin ƙarshe, 'yar kudancin Kaduna ce, ita ce a gaba da waken ƙosanta.

"Mama, an dawo aiki ke nan? Mun gaji da zuwa bakin titi."

Ɗana ya ce, "Madam, kawo waken in tsaga miki shi gida biyu."

Na kore su baya, amma ba wadda ta tafi. Ya ɗora wani guntun icen malaina don gwaji. Yana turawa sai zarton ya sulluɓe daga kan taya ya faɗi ƙasa yana wutsil-wutsil. Mata suka watse da ihu, waken madam ya zube. Ya kashe inji, ya ƙara wa taya iska, ya ɗan karkata ɗaya, ya sake. Wannan karon zarton ya zauna, amma ya yi zafi har icen na hayaƙi. Ya ɗauki butata ta alwala, ya huda ta, ya rataye a sama tana ɗigar da ruwa a kan haƙoran. Na dai rubuta masa a zuciya. Katakon farko ya fito da kauri a kai, siriri a gindi. Na biyu ya fito da tudu da kwari. Sai da ya ƙarar da malainar nan kaf kafin ya samu guda da ya ɗaga ya kalla da ido ɗaya ya yi murmushi.

A ranar da yamma hadari ya haɗu ta wajen Madalla, ya yi baƙi, ya yi ta gurnani, sannan iska ta kwashe shi. Ban iya cin tuwo ba.

Aka tara maza suka mirgina gungumen kan dogon da sanduna, ana ta salati da haki. Ɗana ya yi bisimilla ya ja igiya. Zarton ya shiga ta wajen saiwa, jan gari na zuba, ɗacin maɗaci ya cika maƙogwaro. Ina tsaye ina jin daɗi har cikin ƙashina. Bai yi nisa ba sai muka ji ƙara kamar an harba bindiga. Zarton ya tsinke, ya yi tsalle ya daki duron ruwa ya huda shi. Da mutum ne a wurin, sai dai wani labarin.

Na ruga na kama hannayen ɗana ina juyawa. Yatsu goma cif. Sannan na zauna a ƙasa.

Ya sa gizago ya tone wurin da zarton ya tsaya. Can cikin naman icen, inda ba mai zato, sai ga kan wata ƙatuwar ƙusa, baƙa ƙirin. Ya zaro ta ya ɗora mini a tafin hannu. Ina ganin yadda aka lanƙwasa bakinta na gane ta.

Duk Babbar Sallah, a jikin bishiyar nan maigidana yake rataye ragon layya ya feɗe. Kuma shi mutum ne da ba ya yarda da ƙusar bara. Sai ya ce ta yi tsatsa, za ta saki rago a ƙasa a gaban baƙi. Kowace shekara sai ya sayo sabuwa ya lanƙwasa ya buga, tsohuwar kuma a bar ta nan, ɓawo ya bi ta a hankali ya rufe. Muna gani, ba wanda ya taɓa kawo komai a ransa.

Ɗana ya ce, "Abin da mutumin Izom yake son faɗa ke nan."

"To me ya hana shi buɗe baki ya faɗa?"

"Inna, kin bar shi ya yi numfashi?"

Ni dai ban tuna haka aka yi ba.

"Guda nawa Baba ya buga?"

"Sallah nawa ka ci nama a gidan nan? Har da wadda aka yi kana ciki."

Ya dafe kai. Zarto ɗaya ya rage. Ya samo maganaɗisun tsohuwar lasifika ya ɗaure da zare yana bin jikin gungumen. Na kusa da ɓawo suka amsa, ya tono su, har muka cika wani gwangwani. Na can ciki kuwa shiru, kuma mun san suna nan. Na nuna masa ɓangaren da ke kallon madafa, don a nan nake tsayawa da kwarya ina karɓar kayan ciki. Amma akwai shekarun da rana ta kore mu muka koma ɗaya gefen. Ban iya rantsewa ba.

Kwana biyu muna wannan tonon, iska ta juya, ta fara zuwa da ƙanshin ƙasa. An yi ruwa a Izom, masu zuwa kasuwa suka faɗa.

Ya ce, "Inna, hanya ɗaya ce. A datse gindin gaba ɗaya, daga saiwa har inda hannun Baba yake kaiwa. Abin da ke sama ba ƙusa. Amma nan ne mai kaurin, nan ne katakon yake."

Na yi ta zagaya gungumen. Na je ƙofar gida na dawo. Na sake zagayawa. In ya bi ta ciki zarton ya tsinke, ba ni da ko sanda ɗaya. In an datse, ban san abin da zai rage ba.

Na ce, "Kwanta a gefensa ka miƙa hannu."

Ya kwanta, ƙafa a saiwa, ya miƙe hannu sama.

"Ka fi ubanka tsawo, amma yakan taka turmi. Ƙara taƙi biyu."

A nan aka ja layi da gawayi. Shi da malamin makaranta suka kama zarton hannu, ɗaya nan ɗaya can, suka wuni suna ja.

Washegari ya ɗaura zarton ƙarshe. Na kori kowa zuwa zaure, ni kuma na ƙi tafiya. Yana turawa a hankali, ina bin sa taku-taku, kunnena na jiran ƙarar nan. Ba ta zo ba. Zarton ya fita ta ɗaya bakin, ɗana ya ɗaga ɓawon ya jefar, sai ga fuskar icen ja wur, sumul kamar an shafa mai. Madam ta rangaɗa guɗa daga zaure, ban san ta iya ba. Ya yi ta tsagawa har rana ta faɗi, kashegari ma haka.

Kafinta ya zo ya dubi tulin, ya shiga ɗakin ya dubi sama, ya fito yana susar ƙeya.

"Hajiya, katako ne na gaske. Amma rabin ɗakin zai rufa, da ɗan ɗoriya."

Kafin azahar auta ta iso da motar ɗaukar kaya, ta tsaya a bakin titi. Wa ya gaya mata, har yau ban sani ba.

"Inna, alkawari. Rabin rufi ai ba rufi ba ne."

"Ruwa ya sauka?"

"Dubi sama mana!"

Na juya wurin ɗana na ce, "Ka nemo magini. A ja bango a tsakiyar ɗakin, daidai inda katako ya ƙare."

"Inna, gadonki kawai zai shiga."

"Da a kan kabad nake kwana?"

Auta ta yi fushi, ta yi kuka, ta kira ni mai taurin kai, na ce a nono ta sha. Da ta ga magini ya fara kwaɓa ƙasa sai ta ɗaure ɗankwali ta shiga fitar da kaya. Motar da ta zo ɗaukata ita ta tafi da kabad ɗina, da kwallaye, da tasoshin jerena tun na aure, na ce wa auta ta ajiye a ɗakin tayil ɗin, su sha fanka.

Bangon bai gama bushewa ba aka buga kwano. Kafinta yana saukowa daga tsani ɗigon farko na faɗuwa a ƙeyarsa. Na shiga na zauna a bakin gado, gwiwata kusan tana taɓa bango, ruwa na dukan kwano kamar zai fasa shi. Na kasa zama. Na tashi ina bin kusurwa-kusurwa ina shafawa da hannu. A ta wajen ƙofa na ji danshi, ɗigo ɗaya, sai can wani. Na jawo roba na tara, na tura ta bayan ƙofa inda mai leƙowa ba zai gani ba.

Waya ta yi ƙara, auta ce.

"Inna, yana zuba?"

Na ce, "Ko ɗigo."