Jan Biro da Wardin Matarsa

A maɗaba'ar da ya yi wa aiki shekara talatin da ɗaya, ba wanda yake kiransa da sunansa na gaskiya. Jan Biro ake ce masa. Aikinsa gyaran rubutun mutane kafin a kai kan inji, kuma ya iya aikin, wannan kam ba mai ƙwace masa. Marubuci zai shigo da shafi ɗari uku yana hura hanci, ya fita da ɗari biyu, duk sun yi ja kamar an yanka kaza a kai. In ya yi ƙorafi, sai Jan Biro ya sauke gilashi zuwa kan hanci ya ce, "Ɗan'uwa, littafi ba katifa ba ne da za a yi ta cusa masa auduga." Har shi mai maɗaba'ar ɓoye wasiƙunsa yake yi kada ya gani.

Da ya yi ritaya aka sallame shi da agogon bango, ya dawo gida ya rasa abin gyarawa. Ya gyara kalandar falo. Ya gyara takardar da ke cikin kwalin maganin ƙafar matarsa. Da komai ya ƙare sai ya ce zai rubuta tarihin rayuwarsa da darussan da ke ciki, wai kada ya tafi da su a bar jama'a cikin duhu.

A nan matar ta gano abin da zaman shekara talatin da shida bai nuna mata ba: ashe jan biron na mutane ne. Nasa rubutun da baƙi yake yi, kuma kalmar da ta sauka kan takarda ta samu gidan zama ke nan, ba mai tashinta.

Ita 'yar mai lambu ce. Babanta ya ƙare rayuwarsa yana rainon furanni a gidajen masu hali, ya koma ga Allah ba fili ba gida. Abin da ya bar mata wardi ne guda ɗaya a rabin durum, ƙarƙashin tagar kicin, sai tsohon almakashinsa na lambu. A shekarar da zai rasu, ya yi wa itacen aure irin na masu lambu: ya samo gindin wardin jeji mai ƙarfin saiwa, ya tsaga shi, ya ɗora masa reshen wani ja mai ƙamshi, ya naɗe da leda. Inda suka haɗu ya warke ya zama ƙulli kamar idon sawu. Ya kama yatsanta ya ɗora a wurin ya ce mata duk abin da ya fito sama da ƙullin nata ne, abin da ya fito ƙasa da shi kuwa na jejin ne yake neman dawowa, ta cire shi tun yana ƙarami, in ba haka ba zai shanye ruwan ya kashe na sama.

Shekara goma sha huɗu tana cirewa. Wardin ba shi da wata siffa, rassa uku ne gajeru masu kaushi, amma in ya yi fure har zanin da ta shanya kusa da shi sai ya ɗauki ƙamshi. Duk tsawon shekarun nan abin da ya haɗa Jan Biro da durum ɗin shi ne zubar da guntun shayi.

Sai rubutu ya cije masa a babi na huɗu. Ya fito da kujera tsakar gida yana cizon biro, idonsa ya faɗa kan itacen.

"Maman Auta, zo. Kin san wannan bishiyar ni ce?"

"Ban sani ba, Malam."

"Dubi ƙayar. Wahalar ƙuruciyata ke nan. Dubi furen."

"To furen fa?"

"Littafin mana."

Ta ce Allah ya taimaka, ta koma kan wanke-wankenta. Da ta san inda abin zai kai, da ta kifa kwando a kan durum ɗin tun ranar. Kafin sati ya zagayo ya sayi malafa da butar ban ruwa da rula. Kullum da safe sai ya auna rassa ya rubuta, ya tsaya hannu a ƙugu yana gyaɗa kai, sai ka ce shi ya ba su umarnin tsiro. Mutumin da bai san bambancin taki da toka ba ya koma tare maƙwabta a ƙofar gida yana koya musu haƙuri.

Ana cikin haka yayarta ta kwanta asibiti, ta tafi jinya sati biyar. Ranar da ta dawo, ko jaka ba ta ajiye ba ta zagaya bayan kicin. Ga shi nan. Wani zanƙalelen toho, kore fatau, mai ƙananan ganye, ya fito daga ƙasan ƙulli ya kai mata ƙirji. An kafa masa sanda, an ɗaure shi da igiyar takalmi.

"Kin ga ikon Allah?" in ji Jan Biro daga bayanta. "Shekara nawa yana hannunki bai wuce gwiwa ba. Sati biyar kawai a hannuna."

"Malam, wannan ba wardin ba ne. Na jejin ne. Cire shi ake yi."

"A cire wanda yake girma, a bar waɗanda suka tsaya cak?"

"Haka Baba ya ce."

"Babanki, Allah ya jiƙansa, lambu ya sani. Bai san ma'ana ba. Wannan reshen shi ne babi na tara. Sabon Mutum."

Ta nemi almakashin babanta a kan taga, babu. Yana cikin jakar aikinsa ta da, an sa kwaɗo. Shi kuma ya tare a gindin durum daga hantsi har magariba, ko masallaci zai tafi sai ya auna, ya dawo ya sake aunawa.

Ta kira Auta, wadda take buga masa littafin a kwamfuta, ta faɗa mata.

"Mama, ki rabu da shi don Allah. Likita ya ce kada a tayar masa da hawan jini. Ni da nake bugawa ban yi kuka ba? Shafi ɗari huɗu da sittin, har yanzu yana aji uku na firamare, sauran duk ganye ne."

"Na kakanki ne fa."

"Na sani, Mama. Sai a sayo wani."

Yaran yanzu komai a wurinsu akwai shagonsa.

Reshe na farko ya bushe a wata na biyu. Ta taɓa shi ya karye a hannunta kamar tsinke. Na biyu ya zubar da ganye ya yi baƙi daga sama. Jan Biro ya rubuta shafi goma sha ɗaya a kan yadda tsofaffin halaye suke mutuwa da kansu in mutum ya samu wayewa. Ta tashi daga sallah ta zauna kan darduma tana neman tsari daga abin da zuciyarta take raya mata game da malafar nan da mai ita. Saura reshe ɗaya, da ganye bakwai. Kullum sai ta ƙirga.

Wata Asabar ya gayyato tsofaffin abokan aikinsa biyu, mai inji da mai ɗinkin littafi, su ji babi na tara. Suka zauna a benci bayan la'asar. Mai inji ya fara gyangyaɗi tun a shafi na uku. Ta fito da tiren shayi daidai lokacin da yake karanta cewa ba ya yiwuwa sabon mutum ya miƙe sai ya datse tsohon da hannunsa. Ya ajiye takardun, ya buɗe jaka, ya zaro almakashin. Mutumin da bai iya soke waƙafi ɗaya a rubutunsa ba, yau ya samu abin yankewa, ya nufi reshen babanta.

Ta dire tiren a ƙasa. Ba ta taɓa sa baki a gaban baƙinsa ba, yau ma ba ta sa ba. Ta ratsa tsakaninsa da durum, ta durƙusa a kan ƙafar nan mai ciwo, ta tone ƙasar da yatsu har ta kai inda tohon ya manne da gindi. Ta kama da hannu biyu ta murɗa, ta fizge shi da ɗan ɓawonsa. Ƙaya ta shiga tafinta ko'ina. Ta miƙe da ƙyar, ta miƙa masa abinsa, da sandar da igiyar takalmin, ya fi shi tsawo.

"Ga shi, Malam. A ba ni almakashin Baba."

Ya ba ta. Bai ma san ya ba ta ba.

Mai ɗinkin littafi ya sunkuya yana hura shayin da bai ɗauka ba tukuna. Mai inji ya farka ya ce, "Madalla, babi ya yi kyau." Da za su tafi, mai ɗinkin ya rage murya a bakin ƙofa ya ce, "Yaya, da ke aka ɗauka aiki a wurinmu, da mun huta."

Kwana tara Jan Biro bai yi mata magana ba, sai dai ya rubuta abin da yake so a takarda ya ajiye kan tebur. Hawan jinin ko motsi bai yi ba. Ya soka tohonsa a bokitin fenti, kuma da yake ɗan jeji ne, ya kama. Yanzu ya rufe rabin katanga, ƙadangaru sun samu gida, yana yaga zanin duk wanda ya wuce, fure kuwa ko na rantsuwa. Littafi ya haura shafi dubu, an ƙara masa babi a kan yadda na kusa da mutum suke fara yi masa hassada.

Reshen babanta ya yi wata huɗu ba gaba ba baya, har ganyen suka koma uku. Ta riga ta fara sallama shi a ranta. Sai wata safiya da ta zo zuba ruwa ta ga wani ɗan jan toho kamar ƙwayar shinkafa, yatsa biyu sama da ƙulli. Ta yi hamdala a hankali. Ta waiwaya, Malam yana can gindin katanga da rularsa. Ta jawo igiyar shanya ta baza babban zanin gado a gaban durum ɗin, kada ya gani ya samu babi.