Rawar Zauresh Doguwa

Duk ƙauyenmu ba mai kiran Zauresh da sunanta kaɗai, sai an haɗa da Doguwa. Ita ce mai girki a makarantar da muka gama, kuma tun muna aji ɗaya benci guda muke zama, ita kanta ya tsere wa na kowa, ni Bibigul ƙafata ba ta kai ƙasa. Tsawon nan nata shi ya ja mata komai.

A shekararmu ta ƙarshe malamar kiɗa ta jera mu koyon wals, rawar bibbiyu da ake yi ranar sallamar ɗalibai. Da tsawo ake haɗa mutane, ba ruwan malama da wanda kake so. Duk mazan ajin ba wanda ya wuce kafaɗar Zauresh sai Ewald, ɗan Jamusawan da ke bayan garejin taraktoci, yaro mai kunyar tsiya. Tun ƙanƙara ba ta narke ba suke juyi a zauren makaranta, yana taka mata ƙafa, tana ƙirga masa ɗaya, biyu, uku, har ya zamana su ake nuna mana a ce mu kalli yadda ake yi. Ana saura 'yan kwanaki biki, takardun tafiyarsu Jamus suka fito. Haka shekarun nan suke, ka kwana da maƙwabci, ka tashi ka ga an kafe tagoginsa da katako. Ranar rawa malama ta rasa yadda za ta yi da Zauresh, sai ta tsayar da ita wurin rakoda tana juya mana kaset.

Daga baya ta auri Serikbai direban motar madara. Bai yi tsawon rai ba, ya bar ta da 'ya'ya biyu da tsohuwarsa. Danginta suka ce ta dawo gida, ta ce to wa zai haɗa wa tsohuwa shayi? A nan ta zauna. Ban taɓa jin ta ambaci Ewald ba, amma duk bikin da aka sa wals sai ta miƙe wai za ta duba tukunya.

Da muka kusa cika shekara talatin da gamawa, 'yan ajinmu suka ce a kama gidan abinci a birnin Karaganda, a ci nama a watse. Zauresh ta ce ina! A zauren makaranta za a yi, yadda aka yi wancan karon, mata da riga ruwan ƙasa da farin ƙyallen gaba da farin ribom, maza da farar taguwa, kuma sai an yi wals.

"Haba Doguwa," in ji Tolegen, wanda a da shi ne siririn ajinmu, "da wannan tumbin zan yi juyi?"

"Tumbin ya yi gaba, kai ka bi shi a baya," ta ce.

Duk lokacin sanyin nan ba ta zauna ba. Ta ɗinka mana ƙyallayen, tana auna ƙugunmu tana salati. Ta je har gidan 'yar marigayiya malamar kiɗa ta tono kaset ɗin a cikin kwali. Ran Asabar ta tara mu gwaji, tana yi mana tsawa sai ka ce yaran da ke layin abincinta. Ni ta sa in nemo Ewald ta waya, wai ita hannunta da gari. Da na zo na ce mata zai zo, karon farko tun tafiyarsa, sai ta ce, "To, madalla," ta ci gaba da suyar baursak, irin fankenmu. Kaskon nan gaba ɗaya ƙonewa ya yi, ita da ba ta taɓa ƙona ko albasa ba. Sati na zagayowa ta nuna mini sabon takalmi fari, marar tsini.

"Kar in fi shi tsawo," ta ce. "Maza in sun manyanta lotsawa suke yi."

Sai ga shi a watan Afrilu tsohuwa ta rasu, Allah ya jiƙanta. Mu kuwa har sai shekara ta zagayo an yi sadaka, mutanen gidan mamaci ba sa zuwa biki, balle rawa. Na so a ɗaga taron, amma ina, mutane sun riga sun ɗauki hutu, sun yanki tikiti, wasu daga Rasha. Raina ya ɓaci ƙwarai, har bakina ya suɓuce.

"Ke, suruka ce fa, ba uwa ba. Zagaye ɗaya kawai, wa zai ce miki wani abu?"

Ta dube ni tun daga can sama. "'Yar guntuwa, kar in sake jin wannan a bakinki."

Ewald da ya sauka bai nufi makaranta ba, gidanta ya fara zuwa gaisuwar mutuwa. Kai duk furfura. Ya tanƙwashe ƙafa a ƙasa, ya ɗaga hannu aka shafa, yana jawo harshenmu da kyar.

Da la'asar muka cika zaure, tsofai-tsofai da ribom a ka, ana ta yi wa juna tsiya. Zauresh ta shigo ta ƙofar kicin da baƙin ɗankwali da doguwar baƙar riga, don zuwa wurin aiki ba zuwa biki ba ne. Ta ajiye farantai, ta wuce kai tsaye wurin rakoda. Ewald ya je ya tsaya a gefenta. Wallahi har yanzu kafaɗarsu ɗaya. Bai miƙa mata hannu ba, ai a cikinmu ya girma, ya san al'ada. Ni dai ina zaune ina kallonsu.

"Bibigul, tashi," ta ce. "Mutum ya taso tun daga Jamus, a tsaye zai koma?"

"Ni? A cibiyarsa fa kaina ya tsaya."

"To ki riƙe cibiyar."

Ta danna kaset. Kafin a yi nisa duk mun rikice, Tolegen ya banke ma'aurata biyu, ni ina ta taka Ewald. Sai muryarta ta taso ta danne kiɗan: ɗaya, biyu, uku, ɗaya, biyu, uku. Nan take ƙafarsa ta daidaita. Na ɗaga kai, na ga ko sau ɗaya bai sunkuyo ya dube ni ba. Ta saman kaina yake kallon kusurwar da rakoda take, leɓensa na bin ƙirgenta. Ranar na san amfanin gajartata.

Da juyi ya kawo mu kusa da ita na kai ido ƙasa. Farin takalmin ne a ƙafarta, yana leƙowa ta ƙarƙashin baƙar rigar. Ta haɗe ƙafafun wuri guda, ko motsi ba su yi ba har kiɗan ya ƙare.