Wutar Sadakar Alhaji

Iskar damina ce ta karya falwaya a bakin layinmu na Unguwar Dosa, wayar da ke haɗa mu da tiransifoma ta tsinke, muka koma fifita da kwali. Bayan 'yan kwanaki, ina tankaɗe a tsakar gida da la'asar, sai na hango fankar falo tana juyawa a hankali kamar mai ciwon baya, kwan fitila ya yi ja-ja. Yara suka ɗauki ihun an kawo wuta. Ba wanda ya kawo komai, janaretan Alhaji ne aka tayar.

Alhaji maƙwabcinmu ne, tsohon darakta a wata ma'aikata, mai gidan sama da ƙaton inji a bayan gareji. Akwai makunnin da ake sa wa gida don ya raba wutar janareta da ta gwamnati, masu wayarin suna ce masa canjoba. Nasa ya ƙone, bai ga dalilin sa sabo ba, ya sa aka haɗa masa injin kai tsaye. Da an tayar, sai wutar ta cika gidansa ta fito ta bi wayar gwamnati ta shiga gidajenmu. Nan da nan aka raɗa mata suna wutar sadaka. Mata suna cajin waya suna sa masa albarka, maza suna tare shi a ƙofar masallaci da godiya, shi kuwa yana shafa gemu yana cewa ai maƙwabtaka ta fi haka. Sadakar da mutum bai yi niyya ba, ta zubo ne kawai ta inda ya ƙi toshewa, amma ya karɓi ladarta hannu biyu.

Ni abin bai kwanta mini ba. Kimiyya nake koyarwa a sakandare, na san wayar da kowa ke ɗauka matacciya ce tana da rai. Na sa maigidana ya je ya yi masa magana. Ya dawo yana sosa ƙeya, wai Alhaji ya yi dariya ya ce a gaishe da Malama, a ce mata ta bar darasi a aji.

Ranar wata Asabar da hantsi ma'aikatan wuta suka zo da sabuwar falwaya. Babbansu na san shi, mutumin kudancin Kaduna ne da ke zaune a Badarawa, 'yarsa tana ajina. Dogo ne mai yawan raha, in ya zo aiki layinmu a gidanmu yake shan ruwa. Kafin ya kafa tsani sai da ya bi gida-gida da kansa yana roƙon kada kowa ya tayar da inji sai ya sauko. Ina tsaye a ƙofa ya faɗa wa Alhaji.

"Ranka ya daɗe, don Allah a yi mana haƙuri da janareta har mu gama."

"Haba Oga, kada ka damu. Je ka yi aikinka."

Ya gwada wayar, babu komai, ya hau. Ana cikin haka motoci biyu suka tsaya a ƙofar Alhaji, surukansa ne daga Zariya. Falon ya yi zafi, ruwan firiji ya huce, kuma darakta ba zai zauna yana zufa a gaban surukai ba. Ina wanke shinkafa na ji injin ya yi tari ya kama. Na yar da ƙwaryar na fito a guje ba mayafi ina ihu a kashe, amma kafin in kai ƙofa na ji faɗuwar. Babban ma'aikacin yana kwance a gefen kwata, tafin hannunsa na dama ya ƙone, ga wani ƙauri da har yau in ana babbakar kan rago sai in bar wurin.

Bai mutu ba. Hannun ne likitoci suka kasa ceto, suka yanke shi daga gwiwa.

Dattawan layi suka shirya zuwa dubiya asibiti, har da Alhaji cikin babbar riga, direbansa na biye da kwalin lemo. Na bi su. Matar mutumin tana zaune a bakin gado tana ba shi kunu da cokali, 'yar tasu tana tsaye ta ƙi kallona. Bayan an gama jajantawa matar ta ajiye kofin ta dubi babban dattawan ta ce, "Baba, ni abu ɗaya nake so in sani. Injin wane gida ne?"

Wannan ya dubi silin, wancan ya dubi takalminsa. Wani ya ce ai layin da janareta da yawa, wani ya ce abin da Allah ya rubuta ba makawa. Alhaji ya gyaɗa kai ya ce ƙwarai kuwa. Mutanen da suka yi makonni suna godiya a kan wutar nan, yau ba wanda ya san daga inda take fitowa.

Na ce, "Madam, na gidan Alhaji ne. Ga shi nan a gabanki."

Cikin satin Alhaji ya kira mai wayarin ya sa canjoba, don an ce masa maganar za ta iya kaiwa ga hukuma. Gyaran layinmu kuwa ya tsaya, abokan aikin mutumin suka ƙi dawowa, kuma ban ga laifinsu ba. Fankoki suka tsaya cak. Yarinyar ta daina zuwa makaranta, aka ce tana taya uwarta suyar ƙosai.

Ana nan sai maƙwabciyata ta leƙo ta katanga, wadda muke aron turmi da ita tun ina amarya. Na ɗauka lafiyar mutumin za ta tambaya.

"Malama, kin kyauta ke nan? Ga shi bakinki ya ja mana, Alhaji ya yi fushi ya rufe wutar. Shi wancan hannun ai ya riga ya tafi, mu da muke da yara a cikin zafin nan fa?"