Ranar da Inna ta ɗaga wa Dungun Gawo hannu

Wata Laraba ce, ranar kasuwar garinmu, cikin bazara ta biyu bayan zaɓen farko na 'yan majalisar kwamin, wato ƙaramar hukumarmu. Ina aji huɗu a lakwal, makarantar boko. Da aka kaɗa ƙarfen tashi, ni da ƙawata Hadiza muka kwasa da gudu, muka ratsa layin masu tabarmi da na masu gyaɗa, sai bakin meri, wato ma'aikatar magajin gari. Wani tsohon shagon ajiyar gyaɗa ne aka shafe da farar ƙasa, aka kafa masa tuta. Jama'a ta cika tagoginsa biyu. Muka kutsa ta ƙarƙashin hammatar manya har na ɗora haɓata a bakin taga, na hango mahaifiyata a ƙarshen benci, ita kaɗai mace cikin konseye goma sha ɗaya, 'yan majalisar ke nan, tana naɗe bakin mayafinta a yatsa tana warwarewa.

Inna ungozoma ce, ba ta taɓa shiga aji ba, amma babu ƙauyen da ke kewaye da mu da ba ta yanke cibi a cikinsa ba. Shi ya sa da aka ce dole kowace jam'iyya ta sa mace cikin 'yan takararta, ƙofarmu aka fara ƙwanƙwasawa. Tun da ta ci, gidanmu bai sake zama shiru ba. Kafin in gama sharar tsakar gida an yi sallama: wannan shanu sun shiga masa gero, wannan takardar haihuwar ɗansa yake nema, waccan an tashe ta daga rumfarta a kasuwa. Inna ta bar surfe a turmi ta fita, ta dawo ta ɗauki taɓarya, a sake kira. Ni kuwa kaina ya kumbura, don a filin lakwal ko 'yar gala-gala za a yi sai an ce 'yar konseye ta fara.

Abin da sarautar Inna ba ta sauke mini ba shi ne ɗiban ruwa. Rijiyarmu tana can bakin fadama, mai zurfin da in ka leƙa sai ka ga ruwan kamar ƙwayar ido. Sau biyu nake zuwa kafin lakwal, igiyar guga ta cinye mini tafin hannu, in na makara kuma bulalar mushe, wato malaminmu, na jirana a bakin aji. Sai labari ya zo cewa an ba kwamin ɗinmu famfo, guda ɗaya tak, majalisa ce za ta faɗi inda za a haƙa: ko unguwarmu, ko Dungun Gawo, wani ƙauye da ke bayan tudun yashi. A unguwarmu ba wanda ya yi shakka. "Naka sai naka," in ji uwar Hadiza, tana miƙa wa Inna kwanon ƙuli-ƙuli. Mu 'yan mata har mun zaɓi wurin, gindin kurna, mun jera duwatsu mun kewaye. Mako biyu na yi ban da zama, ban da tsayuwa. In tambayi Inna, ta ce in je in duba awaki.

To wannan Larabar ce ranar yanke hukuncin. Magajin gari ya buɗe zama, sakatare ya karanta da Faransanci, aka juya da Hausa. Wakilin sarki ya yi nasihar a zauna lafiya ya koma kujerarsa, domin shi ana jin ta bakinsa amma ba ya ƙuri'a. Aka yi ta ka-ce-na-ce har gumi ya jiƙa riguna, sannan aka ce masu son unguwarmu su ɗaga hannu. Na ƙirga biyar, na sake ƙirgawa. Hannun Inna yana kan cinyarta. Da aka kira Dungun Gawo hannu biyar suka tashi, sai nata ya bi su a hankali, ya zama na shida. Wani a bayana ya ce, "Ta ci amanarmu!" Na ji Hadiza ta janye hannunta daga kafaɗata.

Washegari a bakin rijiya na cika tuluna na tsaya, ba wadda ta ɗora mini. Matan da Inna ta karɓi 'ya'yansu suka wuce ni ɗaya bayan ɗaya kamar kututture. A lakwal aka daina kirana wasa. Kwana uku ban yi wa Inna magana ba. In shiga ɗaki in fito, in hau katanga in sauko, in kai wa awaki harawa sau uku a wuni. Rana ta huɗu tana tankaɗe na je na shimfiɗa mata hannuwana.

"Inna, ke ba kya ganin wannan?"

Ta kama su ta duba, ta lakato man gyaɗa ta shafa mini. "Na gani, Balki. Amma watan jiya na karɓi haihuwa a Dungun Gawo, tun hantsi muke jiran jakin ruwa, sai la'asar aka wanke jariri. Ba unguwar nan kaɗai ta zaɓe ni ba."

Na fizge hannuna na ce to su haifa mata 'yar da za ta riƙa ɗebo mata ruwa. Na jira mari, bai zo ba. Da gari ya waye sai na ga ta ɗauki tulu ta sha gabana. Ta yi wa matan sallama, biyu suka amsa ciki-ciki, ta ja guga da kanta, ta ɗora mini, ta ɗora wa kanta. Haka ta yi ta yi har ruwan sama ya sauka.

An haƙa famfo a Dungun Gawo. Ni na ci gaba da jan igiya har na tafi kwaleji a Damagaram. Da zaɓe ya sake zagayowa aka cire sunan Inna, ta koma ga aikinta, matan da suka ƙi gaishe ta kuwa in naƙuda ta tashi ita suke aikowa a kira. Ni da Hadiza mun shirya da kaka wajen roron wake, ba mu taɓa tayar da zancen ba.

Yanzu a Zango nake zaune, ina koyarwa. Garinmu ya sami famfuna, meri ta zama ginin siminti mai katanga da maigadi. An sha zaɓar majalisa, an sha rushewa, hukunci kuma sai dai ka ji shi a waya bayan an gama. Ina kewar lokacin da kowa ke ganin fuskar wanda ya yanke masa. Bara na tambayi Inna ko ta yi da-na-sani. Ta ce abu ɗaya ne: da ta bi matan unguwa gida-gida ta gaya musu gefen da za ta bi kafin ranar, amma tsoro ya hana ta. Ina da 'ya mai shekaru goma yanzu, kuma har yau ban san gefen da hannuna zai bi ba da ni ce a kan wancan benci.