Birkin Keken Baba Ya Tsinke

Jama'a, yau na tafi faɗa da mai shago, na ƙare da share hawaye!

Kun san keken da na saya wa Baba wata biyu da suka wuce, wanda yake zuwa gona da shi daga Kagarawal. Da safen nan yana kan gangare, wayar birki ta tsinke! Allah ya taimaka cikin yashi ya faɗi, gwiwa kawai ya ƙuje.

Na ɗauko rasit, ni da Baba muka ɗora keken a napep, sai shagon da na saye shi a unguwar Shamaki. Ina shiga na ce, "Malam, garantin wata shida ka ba mu, ga shi ka kusa kashe min uba!"

Mutumin ya duba wayar, ya duba gwiwar Baba. Da kansa ya ɗebo ruwa, ya durƙusa yana wanke ciwon. "Baba, ka yafe min."

Baba ya ce, "Tashi ɗana, ai ba kai ka ƙera ba."

Mai shagon ya sauya birkin gaba da na baya. Kawai sai ya hau rufe shago! Na ce, "Lafiya?"

Ya ce, "Hajiya, biyu na sayar irinsa. Ɗayan yana wajen wani mai kai madara Nasarawo, kuma ba ni da lambarsa. Dole in nemo shi kafin tasa ma ta tsinke."

Baba ya ce, "Buba ne! Na san gidansa, mu je."

Da ciwon nasa ya haye bayan mashin ɗin mutumin, suka bar ni tsaye riƙe da keke, ina share hawaye!