Ramin Dalma da Muka Ƙi Cikewa

Yamma da ƙauyenmu, kan hanyar Kornaka, akwai ramin da Nasara suka sa aka haƙa don neman dalma. Ina budurwa lokacin. Mahaifina na cikin waɗanda aka kwasa aikin dole, rani biyu yana shiga da igiya a ƙugu. Dalmar da suka samu ba ta taka kara ta karya ba, suka tattara suka tafi, suka bar mana mahaifina da ciwon ciki da hannuwa masu rawa. Ko ƙoƙon fura sai na riƙe masa.

Bayan an soke aikin dole, sai kumandan, Baturen mulki na Dakoro, ya aiko gardi, wato ɗan sandansa, wai a cike ramin kafin wani babba ya zo rangadi, don a takardar kumandan ba a taɓa haƙa komai a nan ba. Na ji haushin da ban taɓa ji ba. In rami ya ɓace, gobe sai a ce tsohona da rawar hannunsa aka haife shi.

Mahaifina bai yi musu ba. Ya tara maza ya ce musu, "Mu munka gina shi, mun san hakkinai. A rufe shi yadda aka rufe mutum."

Kowa ya gane. Ba a zuba wa mamaci ƙasa a jiki, sai an jera itace. Aka saro aduwa aka gitta a bakin ramin, aka shimfiɗa zana, mu mata muka yi ta jido yashi a ƙwarya muna zubawa. Ni har da waƙa, don tsiya.

Da kumandan ya zo, ko saukowa daga doki bai yi ba, ya tura gardi ya duba. Gardin Bahaushe ne, ya sha zuwa jana'iza. Ya taka, ya ji ƙasa ta amsa masa kamar ganga. Na tsaya gabansa na zuba masa ido. Ya juya ya sara wa maigidansa, ya ce an rufe.

Har yau duk bayan 'yan shekaru muna sauya itacen saboda gara. Ramin na nan, gaba goma sha biyu. Wanda ya ce ba a yi ba, ya zo da igiyarsa, ni zan riƙe masa.