Ba a Bar Shi Ya Ci Takinsa Ba

Na daɗe a sashen kula da ma'aikata na wata ma'aikata a Tambuwal. Aikina fayil ne: wa aka ɗauka, wa ya je hutu, wa ya isa ƙarin girma, wa shekarunsa suka cika. Da albashi ya daina kai ni ƙarshen wata, sai na shiga dillancin filaye. In an tashi aiki na yi la'asar, sai in ɗaura tef ɗin awo a bayan babur in nufi bayan gari. Asabar da Lahadi kuwa can nake wuni.

Abin da ya ba ni shiga wurin masu gonaki shi ne ajami. Na yi allo da littattafai kafin boko, don haka in na rubuta wa dattijo takardar ciniki yakan karanta abarsa da kansa, ba sai ya nemi wani ba. Wurin masu saye kuma kujerata ce ta ba ni shiga. Ni nake fara sanin wanda ariyas ɗinsa, wato bashin albashin da yake bi, zai fito da wanda aka amince masa da bashin gida. Nakan jira kwana biyu, in tare shi a ƙofar masallaci in ce akwai wani fili mai kyau. Ban taɓa ganin laifin haka ba a lokacin.

Akwai wani dattijo mai gadinmu na rana, kowa Baba yake ce masa. Mutumin Fakku ne, ta ƙasar Kebbe. Tun yana saurayi ya zo Tambuwal, ya bar wa wansa rabonsa na gonar gado. A nan wani Alhaji ya ba shi aron gona a bakin gari, ya noma ta shekara ashirin da wani abu. Kowace kaka yakan kai dami biyu gidan Alhajin, don kada a manta mai ita. Da geron gonar nan yake ci da kansa da matarsa, albashin gadi kuwa na cefane ne da magani.

Alhajin ya rasu. Da bazara babban ɗansa, wanda ke zaune a Sakkwato, ya kira ni ya ce magada sun yanke shawara a yanka gonar fulotai a sayar, gari ya riga ya iso ta. Na je dubawa. Na tarar da taki tsibi-tsibi a jere tun daga wannan iyaka har waccan. Baba ya bar wa Fulani karansa sun kwana da shanu a ciki, sauran kuma da jaki ya kwaso daga cikin gari, mangala bayan mangala.

Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san hukuncin wannan. Ba a karɓe gonar aro daga hannun wanda ya zuba mata taki sai ya ci takinsa. Ba a rubuta shi a ko'ina ba, amma ko mai unguwa da shi yake raba gardama.

A cikin watan nan kuma fayil ɗin Baba ya zo tebur ɗina. Shekarunsa na aiki sun cika, saura wata huɗu. Ni na buga takardar, ni na kai masa ita a bencinsa na bakin ƙofa, na karanta masa na fassara.

Ya ce, "To, alhamdu lillahi. Dama ƙafafun sun fara gardama. In koma ga gona gaba ɗai."

Na zauna kusa da shi. Na daɗe ina gyara hula kafin na gaya masa maganar magada.

Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Malam, ka ga takin?"

Na ce na gani.

"Wata ukku nika kwasa tai. Jakin ma aro na."

Na ce masa zan yi magana da ɗan Alhaji. Na kira shi a gaban Baba, na tuna masa al'ada. Mutumin kirki ne, bai ja ba. Ya ce Baba ya ci daminar bana lafiya lau, amma ni in fara sayarwa tun yanzu, don akwai marayu a cikin magadan. Na ga an samu mafita, har na ji daɗin kaina.

Baba ya ce, "Rubuta min, Malam. Da naka rubutun, ba na ofis ba."

Na yago takarda na rubuta da ajami cewa ba mai taɓa shukarsa sai ya girbe ya kwashe. Na sa hannu. Ya bi layin da yatsa yana motsa leɓe, ya ninke ta ya sa a cikin hula.

Gonar ta ba da fuloti goma sha shida. Muka kafa turakun siminti a tsakanin tsibin taki. Mutum na farko da na kai, wani malamin asibiti, na gaya masa gaskiya cewa ba gini sai bayan kaka. Ya ce to bari ya duba wani wuri, bai dawo ba. Na biyu ma haka. Daga nan na rage maganar. Sai in ce, "Akwai ɗan dattijon da zai yi 'yar shuka," in wuce zuwa faɗi da tsawo. Takardun cinikin da Turanci aka buga su, kowa da tasa. Na yi niyyar ƙara layi ɗaya a ƙasa, na fasa. Na ce wa kaina wa zai yi gini da damina. A cikin mako biyar duk suka tafi, yawancinsu ga abokan aikinmu. Shugabanmu shi ya ɗauki huɗu na can ƙurya.

Ruwa ya sauka da wuri, ya kuma zauna. Baba ya yi shuka, ya yi noman fari, ya yi maimai. In na bi ta wurin a kan babur sai in ga geron ya yi baƙi-ƙirin don ƙoshi, ya rufe turakuna gaba ɗaya. Wata safiya ya tare ni a ƙofa yana dariya.

"Malam, ka je ka ga ɗiyan naka? Sun kai min ga ƙirji. Bana ko tsuntsu sai ya gaji."

Na ce Allah ya kai mu kaka.

Gero ya fara ciki sa'ad da aka soma raɗe-raɗin siminti zai tashi. Shugabanmu ya sayi bulo da yashi. Fulotansa suna ƙurya, don haka tifa ta ratsa tsakiyar gonar kafin ta kai. Ta yi sahu shida a wuni ɗaya, kuma ba a kan hanya ɗaya take bi ba, saboda laka.

Washegari Baba ya shigo ofishina. Tun da nake bai taɓa wuce bakin ƙofa ba sai an kira shi. Ya tuɓe takalmi, ya cire hula, ya ajiye takardar a kan fayilolin da ke gabana.

"Malam, karanta min. Ko ni na manta karatu."

Na ce, "Baba, na san abin da ke ciki."

"A'a, karanta dai."

Akawuna biyu suna zaune, sun duƙar da kai kan aikinsu. Na karanta a hankali har zuwa sa hannuna. Ya ce, "To, haka ni ma nig gani." Ya tsaya yana jira.

Na tashi na shiga wurin shugaba. Na gaishe shi, na yi masa bayanin taki da alkawari. Ya saurara yana juya biro.

Ya ce, "Malam, ɗauko takardar da ka ba ni, ka nuna min inda aka ce in jira gero."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba a rubuta ba. Al'ada ce."

"Wa ya yi alkawarin, ni ko kai?"

"Ni ne."

"To. Ka karɓi la'adarka?"

Na ce na karɓa.

"Ashe kowa ya samu nasa. Ni ban ƙi tsohon nan ba, ka ce ya zo in ba shi na goro. Amma in siminti ya tashi, gero zai biya min?"

Takardar ƙarin girmana tana kan teburinsa a ranar, ina hango ta a ƙarƙashin wasu. Ba zan ce ita ta rufe min baki ba, ba kuma zan rantse ba ita ba ce. Na ce, "Allah ya ƙara girma," na fito.

Na kira ɗan Alhaji. Ya yi salati, ya ce wallahi bai ji daɗi ba, amma sun sayar, ba su da sauran iko. Na je wurin mai unguwa. Ya ce da mai gona ɗaya ne da ya kira shi zaure ya ba shi kunya, to amma wa zai kira a cikin mutum goma sha uku? Gaskiya ya faɗa. Da sauran suka ga an fara, kowa ya ji tsoron kada maƙwabci ya ci masa iyaka. Wannan ya haƙa tushe, wancan ya zuba bulo a kusurwoyi huɗu. Duk wanda na roƙa sai ya ce, "Haba Malam, nawa ɗan kaɗan ne, kunyar gero nawa ce a ciki?" Mutum uku ne kawai suka haƙura.

Baba ya yanke geron da aka tattake yana ɗanye ya sayar wa masu dabbobi. Bai je karɓar na goron ba. A ƙarshen watan ya miƙa makullai da usur da rigar aiki, ni na sa hannu a takardar cewa ba a binsa komai. Ɗakin da yake zaune na ma'aikata ne, aka ba shi wata guda ya tashi. Da kaka ta yi, abin da ya tsira dami tara ne, a gonar da ya saba ɗaure sittin. Ya kai biyu gidan marigayi Alhaji kamar yadda ya saba. Matar gidan ta ce ya bar su, ya ajiye ya tafi. Bayan kwana kaɗan aka ce min shi da matarsa sun shiga mota zuwa Fakku.

Wata biyu bayan haka wata takardar fanshonsa ta dawo, ana son dangwalen yatsarsa. Ina iya aikawa, amma na ɗauki hutun kwana ɗaya. Na sayi buhun gero a kasuwa na ɗaure a babur, na kama hanyar Kebbe da sassafe.

Wansa ya daɗe da rasuwa, 'ya'yan wan sun raba gonar tsakaninsu tun tuni, kuma ba wanda zai ta da maganar rabon da aka bari shekaru talatin. Sun ba shi ɗaki ɗaya kusa da turken shanu. Na same shi a gonar wani maƙwabci yana yankan dawa da 'yan ƙwadago, yawancinsu sa'o'in jikokinsa. Ya rame. Da ya gan ni ya ajiye magirbi, ya zo muka zauna a inuwar wata aduwa.

Muka gaisa gaisuwa mai tsawo. Ya tambayi mutanen ofis ɗaya bayan ɗaya, har da shugaba. Na buɗe tawada, ya dangwala a wurare uku, ya goge yatsan a ƙasa. Na nuna masa buhun, ya yi godiya ya sa albarka.

Sai na ce, "Baba, na zo ne ka yafe min."

Ya ce, "Mi kay yi?"

Na ce ni na ɓoye wa masu saye maganar alkawari, ni na ƙi rubuta ta a takardunsu don kada ciniki ya tsaya. Ban taɓa faɗa wa kowa ba sai ranar.

Ya juya yana kallon masu yankan dawa. Can ya ce, "Malam, gonar ba tawa ba ta. Mai abu ya amshi abu nai."

Na ce, "Geron fa naka ne. Ka ce ka yafe min."

"Allah shi yafe muna baki ɗai."

Na sake roƙo, ya sake ba ni amsar nan, ba ƙari ba ragi. Ni da na karanta littattafai na san bambancin abin da na nema da abin da ya ba ni, shi ma ya sani. Mai gonar ya ɗaga murya daga nesa yana cewa rana na yi. Baba ya dafa gwiwa ya miƙe.

"Ka gai da gida, Malam. Kwana ɗai aka biya na, kar in ci musu haƙƙi."

Na tsaya har ya shige cikin dawar, sannan na kai buhun gidansu na sauke wa matarsa. Na iso Tambuwal bayan la'asar. Da safe na koma kan kujerata, akwai fayil huɗu na masu barin aiki suna jira na.